Gilashi Mai Lamba Sha Huɗu

Saura mako uku husufin ranar da ake ta maganarsa a rediyo, Sista ta dawo daga asibitin ido inda take aiki, ta tarar maigidanta ya kwashe kwanukan da ke kan tebur ya shimfiɗa taswira. Tsohuwar taswira ce, duk ta tsage a wuraren ninki. Ya danne kusurwoyinta da kofuna biyu da gwangwanin sukari da wayarsa, ya ja mata layi biyu da allin da yake zana ƙarfe da shi kafin ya yanka.

"Sannu da zuwa, Likitata. Zo ki ga rashin adalcin da aka yi mana."

"Bari dai in cire takalmi. Ƙafafun nan kamar aro na yi su."

"Ki zo da takalminki. Kin ga tsakanin layukan nan biyu? Nan kaɗai wata zai rufe rana ruf, har a ga taurari da tsakar rana. Mu kuma ga mu nan." Ya ɗora yatsarsa mai tabon ƙuna a kan ɗigon garinsu. Ɗigon yana wajen layi, da tazarar da ba ta fi faɗin farce ba. "Farce ɗaya! Wai mu casa'in da tara cikin ɗari za mu samu. Wa ya taɓa tura ƙofa casa'in da tara cikin ɗari ya ce ta rufu?"

Ta yi dariya, don shi mutum ne da ba a iya ɗaure masa fuska. Mai walda ne. A layinsu Injiniya ake kiransa, ko da yake ƙarfe ne kaɗai makarantarsa, ita kuwa in suna su biyu Tartsatsi take ce masa. Tartsatsin ne ma ya haɗa su. Shekara huɗu da suka wuce aka shigo da shi asibitin yana dafe da idon hagu, ɓarɓashin ƙarfe ya shige can ciki. Ita ta wanke masa fuska, ita ce kuma tsaye a gefensa ranar da Likita ta ce idon ba zai sake gani ba. Ya juyo da na daman ya dube ta ya ce, "Wannan ɗin ma ya ishe ni ganin abin da nake son gani." Wata bakwai bayan nan suka yi aure.

Tun daga lokacin, idon nan guda ɗaya ya zama abin da take kwana da shi take tashi da shi. Da shi yake aiki, da shi yake tuƙa babur, da shi yake tsinto ta a cikin taron mutane tun daga nesa. In ya ɗan yi ja, ita ce ba ta iya cin abinci.

"Akwai wani tudu," ya ci gaba, "tafiyar awa biyu da rabi, inda ni da Dogo muka kafa wa wasu masu gona ƙarfen tankin ruwa bara. Yana tsakiyar layin cif. Ba bene, ba bishiya, ba wayar lantarki. Minti biyu da daƙiƙa arba'in za a yi cikin duhu. Ni da ke, da shayinmu a filas..."

Ta zauna a bakin kujera. Takardar da aka liƙa musu a asibiti da safe ta faɗo mata a rai.

"An soke hutun kowa, ranar da washegarinta," ta ce. "Likita ta ce mu shirya wa masu ƙonannun idanu."

Annurin fuskarsa ya ɗauke, amma bai daɗe ba ya dawo. "To sai in gano miki. In kawo miki labarin da ɗuminsa."

"Da me za ka kalla?"

Ya dube ta kamar ta tambayi masunci ko ya iya iyo. "Likitata, shekara sha tara ina kallon wutar da ke narka ƙarfe. Gilashi ne babu a shagona?"

A nan gabanta ya fara faɗuwa, bai kuma daina ba.

Washegari da ta tashi daga aiki ba ta nufi gida ba, sai layin masu walda. Ƙofofi da tagogi ne jingine a kowane bango, janareta na ta ruri, iska cike da warin ƙonannen fenti. Dogo, abokin aikin mijinta tun suna koyon sana'a, shi ya fara hango ta.

"Jama'a a share gaban shago, ga duba-gari nan ta iso!"

"Kai dai Dogo ba ka girma sai a tsayi. Ina akwatin gilasanku?"

Ya ɗauko mata wani gwangwanin biskit mai tsatsa. Ta zauna a kan juyayyen bokiti tana ɗaga baƙaƙen gilasan ɗaya bayan ɗaya, tana goge gefensu da bakin mayafinta don ta ga ɗan lambar da ake bugawa a kusurwa. Goma. Goma. Sha ɗaya. Wani tara, ya ma tsage.

"Babu na kallon rana a nan," ta ce. "Likita ta ce sha huɗu."

Dogo ya kece da dariya. "Sha huɗu! Antinmu, da sha huɗu ai sai mutum ya liƙa taga a gurbin ƙofa bai sani ba. Ki kwantar da hankalinki. Mu in gilashi bai isa ba, ido ne ke faɗa mana. Ka ji kamar an zuba maka yashi, ka sa tsumma mai sanyi, kwana biyu ka miƙe."

Sauran masu waldar da suka taru suka gyaɗa kai. Kowannensu ya san wannan yashin.

"Wancan ƙunar gaban ido ce," in ji Sista. "Wurin yana jin zafi, yana kuma warkewa. Rana ba nan take taɓawa ba. Can ƙuryar ido take shiga, inda hoto ke sauka. Wurin ba ya jin zafi ko kaɗan. Kana dariya yana cin wuta. Sai gari ya waye ka ga rami a tsakiyar duk abin da ka kalla."

Ta buɗe jakarta ta ciro tabarau na kwali guda uku da aka raba musu a asibiti, irin waɗanda aka yi takanas don husufi. Dogo ya maƙala ɗaya a hanci ya miƙa hannuwa gaba yana lalube, yana cewa a taimaka wa bawan Allah da hanya. Aka yi ta dariya. Injiniya ya karɓi nasa, ya juya shi gaba da baya da yatsu biyu, ya ce na gode, ya zura a aljihun riga.

Ta san wannan "na gode" ɗin. A aljihun zai zauna har ranar wanki. Mijinta bai yarda da duk abin da ake iya yagawa da hannu ba, balle ya ɗora kwali a fuska a gaban abokan sana'a.

Da yamma suna cin abinci ta ajiye cokali.

"Tartsatsi, kar ka je."

Ya ci gaba da cin abincinsa.

"Don Allah kar ka je. Ka zauna a gida, ka huda kwali da allura, ka juya wa rana baya, za ka ga hotonta a ƙasa. Ko ka kalla a talabijin, sun fi ka kusa da ita. Mai ido biyu yana iya yin ganganci. Kai ba ka da na canji."

"Na fi kowa sani," ya ce a hankali. Ya ture kwanon gefe. "Tun ranar da na rasa wancan, kullum sai na ƙirga abin da zan iya rasa gani. Fuskarki, da 'ya'yan da Allah bai kawo ba tukuna. Na daina niƙa ƙarfe ba tabarau, na daina hawa babur ba gilashi a fuska, duk abin da kika ce na yi. Amma ki duba, duk rayuwata ta bayan baƙin gilashi nake ganin haske. An ce minti biyun nan, in ta rufu ruf, mutum yana iya cire komai ya dubi sama da idonsa tsirara. Kuma an ce ba za ta sake ratsowa ta nan ba sai bayan ƙasa ta rufe mu. Idon da za a yi ta tsaro ba a kalli komai da shi ba, me aka tsare?"

Da faɗa ya yi mata, da ta san yadda za ta yi da shi. Amma ya faɗa ne yana kallonta da wannan idon, da taushin da ya sa ta aure shi. Hawaye suka cika mata ido, ta tashi ta kwashe kwanukan da ba a gama cin abincin ciki ba.

Tunda ba za ta iya hana shi ba, sai ta koma neman gilashin. Kwana tara tana yi. In ta fito daga asibiti sai ta shiga kasuwar kayan gini da fararen kayanta, shago bayan shago. Wani ya ce bai taɓa ji ba. Wani ya miƙo mata mai lamba goma ya rantse duk ɗaya ne. Wani ya ce ta dawo jibi, ta dawo, ya ce gata. Ta gaji har ta fara yi wa rana kallon kishiyar lafiyarta, duk sanda ta ɗaga kai sai ta ji kamar ta zage ta. A rana ta tara, wani tsoho mai sayar da kayan aikin manyan injuna ya hau tsani ya sauko da wani ɗan kwali da ƙura ta rufe. Guda biyu ne a ciki. Ta goge kusurwa da yatsa. Sha huɗu. Ta tsaya a tsakiyar shagon mutane tana kuka, tsohon ya rikice yana tambaya ko ya yi mata tsada ne.

Ran hutunta suka hau rufin gidan da suke haya don gwaji. Injiniya ya kwance gilashin hular waldarsa, irin wadda ake ɗaurawa a ka ana ɗaga ta ana saukewa, ya saka sabon, ya ɗaure. Ya sauke ta a fuskarsa.

"Wayyo, an ɗauke wuta! Likitata kina ina? Ko hannuna ba na gani."

"Haka ake so. Tsaya."

Ta zagaya bayansa, ta kama kansa da hannu biyu, ta ɗaga shi a hankali, ta karkata shi dama kaɗan.

"Yauwa!" ya ce daga cikin hular. "Ga ta nan. 'Yar mitsitsiya, kamar kwabo. Ashe duk cika bakin nan iyakarta ke nan?"

Ta kifa goshinta a bayansa tana dariya. Rabon da ta ji numfashinta ya kai har ciki, tun ranar taswira.

Ta rubuta masa dokoki a takarda, ta liƙa a cikin hular, ta ba Dogo kwafi tare da ɗayan gilashin. A tashi da wuri saboda cunkoso. A tafi da ruwa. Ba a cire hula sai rana ta rufu ruf, ba ko ɗigon haske. A saita ƙararrawar waya a minti biyu, tana kaɗawa a sauke hula, kar a jira hasken ya dawo. Ba a leƙa ta kyamarar waya, ba a leƙa ta madubin hangen nesa. Ta sa shi ya haddace, yana maimaitawa da muryar ɗan firamare yana ƙamewa. Ta juya abin a ranta sau ɗari, ba ta ga inda ta bar ƙofa ba.

Ranar ta zo da sama wankakkiya, ba ko ƙyallin gajimare. Suka tafi da hantsi a a-kori-kurar Dogo, su shida, hular na kan cinyarsa. Ita kuma ta shiga asibiti.

Bayan azahar hasken ya fara canzawa. Ba duhu ba ne, wani irin haske ne marar jini, kamar an tsarma shi da ruwa. Likita, dattijuwa ce mai ƙarancin magana, ta ce su riƙa fita tsakar gida bibbiyu, minti biyar-biyar. Sista ta fita da tabaranta na kwali. Rana ta koma kamar yankan farce. A ƙarƙashin bishiyar da majinyata ke zama, inuwar ganyaye ta cika da ɗaruruwan ƙananan jinjirin wata suna rawa a kan siminti. Abin ya taɓa mata zuciya, ta ce a ranta, ashe da gaskiyarsa.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Bidiyo ne daga Dogo, ya rubuta a ƙasa, "Antinmu ga ɗalibinki, yana bin doka." Layi ya yi nauyi, da'irar nan ta yi ta juyawa kafin ya buɗe.

Ga tudun, ga ƙarfen tankin, ga mutane da motoci. Ga mijinta tsaye, hular na kansa a ɗage, yana ba wani labari yana dariya. Sai ya juya, ya ɗaga fuskarsa sama, ya ƙanƙance ido yana neman rana. Ya same ta. Ya tsaya a kanta, ɗaya, biyu, uku. Sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya, hular ta faɗo ta rufe fuskar.



Ta san wannan gyaɗa kan. Ta gan shi sau dubu a shago. Mai walda ba ya ganin komai ta cikin hularsa sai wuta ta kama, don haka da ido tsirara yake saita sandarsa a kan ƙarfe, in ya tabbatar da wurin sai ya gyaɗa kai hular ta sauko. Haka ya yi shekara sha tara. Ranar gwaji kuwa ita ta riƙe masa kai ta kai shi kan rana, shi ya sa ba ta gani ba.

Kafin bidiyon ya ƙare, wani ya yi masa magana, ya ɗage hular ya amsa, ya sake ɗaga kai ya nemo rana, ya sake gyaɗawa. Sau biyu cikin daƙiƙa arba'in. Ta duba lokacin da aka turo. Minti talatin da biyar da suka wuce. Kuma ta sani, yadda duk mai aikin ido ya sani, cewa rana na ƙara sirancewa tana daina kashe ido, mutum yana ƙara daɗewa a kanta.

Ta kira shi. Layi a cushe. Ta kira Dogo. A cushe. Ta rubuta, "KA SAUKE HULA KAFIN KA ƊAGA KAI," yatsunta na kuskure tana gogewa. Saƙon ya tsaya da ɗan agogo a gefensa, bai tafi ba. Dubban mutane ne a kan tudu ɗaya, kowa na tura hoto. Ta sake kira, ta sake, ta koma bakin ƙofar asibiti ko layi zai fi kamawa, ta ɗaga wayar sama kamar mai roƙo. Awa biyu da rabi ne tsakaninsu. Ko tsuntsuwa ce ita, ba za ta isa ba.

Duniya ta yi wani irin dishi-dishi, iska mai sanyi ta taso, tsuntsaye suka yi shiru. Mutane a titi suna ta ihu da tafi. Ita tana tsaye da waya a kunne, wata murya na ba ta haƙuri a karo na sha bakwai.

"Sista!" aka kira daga ciki. "Likita na nemanki, an kawo wani."

Ta goge fuska ta shiga. Ta ɗiga wa baƙo magani a ido, hannunta bai ko girgiza ba, ta yi mamakin hakan.

Rana na dab da faɗuwa ya shigo gida da ƙura har gira, fuskarsa kamar an kunna fitila a ciki. Ko zama bai yi ba.

"Likitata! Abin ba ya faɗuwa da baki. Inuwa ce ta taho daga yamma a guje, kamar bango. Sai ɗif. Na cire hular. Wani baƙin rami ne a sama, an zagaye shi da farin gashi na haske, yana motsi, wallahi yana motsi kamar mai numfashi. Na ga taurari. Wani ƙaton mutum kusa da ni ya durƙusa yana kuka. Dogo da bakinsa bai iya cewa komai ba, kin taɓa ji? Ƙararrawa na kaɗawa na sauke hula, kamar yadda kika ce. Ban saɓa ko ɗaya ba."

Ta bar shi ya gama. Ba ta da zuciyar katse shi. Ta zuba masa ido tana kallon yadda idon nan ke ƙyalli, lafiya lau a gani, ba ja, ba ruwa.

"Yana maka zafi?"

"Ko kaɗan. Ba na faɗa miki ba?"

"Sau nawa ka nemi rana kafin ka sauke hular?"

"Ban gane ba. Ai ban kalle ta ba hula ba sai da ta rufu."

Da gaske yake. Ta ga hakan a fuskarsa, shi ya fi komai karya mata zuciya. Ta miƙa masa wayar. Ya kalli bidiyon yana murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ya mayar baya ya sake kallo. Ya zauna a hankali.

"Ban san na yi ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba. Wuyana ne ya yi."

"Sau nawa?"

"Awa guda da wani abu muna jira. Ana ta yi mini magana, ina ɗagawa ina saukewa..." Ya ajiye wayar. "Akwai abin da za a ɗiga?"

Akwatin magungunan ido na gidan ya fi na wani ƙaramin kanti cika. Ta dubi akwatin inda yake ajiye, ta girgiza kai.

Da safe ta fito daga wanka ta same shi tsaye a gaban ƙofar ɗaki yana shafa ƙarfenta da tafin hannu, sama da ƙasa. Shi ya ƙera ƙofar da hannunsa.

"Ƙofar nan miƙaƙƙiya ce, ko?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Miƙaƙƙiya ce."

"Hannuna ma haka ya ce."

Ba ta bar shi ya hau babur ba. Tasi suka shiga. A asibiti layi ya riga ya kai waje, yawanci samari, kowa na murza ido. Abokan aikinta suka gan ta riƙe da hannunsa, ba wadda ta yi tambaya. Aikinta ne gwajin allon haruffa, ba ta kuma yarda wata ta karɓe ta ba. Ta zaunar da shi a kujerar da ta fara ganinsa a kai, ta je ta tsaya gefen allo da sandar nuni.

"Wannan fa?"

Ya faɗi babban harafin sama. Ya faɗi layi na biyu yana ɗan karkata kai. A layi na uku ya tsaya.

"Ina ganin na farko da na ƙarshe. In na dubi na tsakiya sai ya gudu."

Likita ta ɗiga masa magani, ta jira, ta haska cikin idon ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ture injin gefe ta cire tabaranta.

"Akwai ɗan tabo a tsakiya. Ƙarami ne, amma a wurin da ake karatu da gane fuska yake."

"Zai warke?" Sista ce ta tambaya, duk da cewa jiya kaɗai ta ji amsar nan sau goma ana ba wasu.

"Da yawa suna samun sauƙi. Wata uku, wata shida. Wasu yakan rage musu kaɗan, wasu ya zauna. Ba ni da maganin da zan ba shi, 'yata, kin sani. Sai jira. Ba walda, ba babur, sai na sake ganinsa."

Likita ta fita duba na gaba. Aka bar su su biyu a ɗan ɗakin, fanka na juyawa a sama. Sista ta durƙusa a gabansa ta kama hannuwansa. Ta shirya maganganu tun a tasi, na faɗa da na lallashi, duk suka watse.

"Da na bar ka ka nemo ta da kanka ran nan a rufi," ta ce, "da na gani."

"Kar ki ɗauki wannan. Nawa ne."

Ya ɗago yana dubanta kai tsaye, ta ga idon na yawo a fuskarta yana nema. Ya ga mayafinta, ya ga kunnuwanta, ya ga fararen kayanta.

"Likitata, ɗan matsa gefe kaɗan. Hagu. Ƙara."

Ta matsa a kan gwiwoyinta. Ya tsayar da idonsa a kan bangon da ke bayanta, a wurin da babu kowa, yana kallonta ta gefen ido.

"Yauwa," ya ce. "Ga ki nan. Tsaya haka, kar ki motsa."

Ana kiran sunanta a waje, layi na ƙara tsawo. Ta tsaya yadda ya ce, hawaye na gangaro mata, ba ta ɗaga hannu ta share ba don kar ta motsa.